Sashen Ilimin Harshe da Ya Girma a Gidan Katako

Ka ce wa ƙanenka ɗan shekara huɗu "Binta ya tafi makaranta", ka gani. Dariya zai yi, ya ce ai "ta tafi" ake cewa. To, wa ya koya masa, alhali bai taɓa shiga ajin nahawu ba?

Irin wannan tambaya ce ta haifar da sashen ilimin harshe da falsafa na jami'ar MIT da ke Amurka. Abin mamaki, MIT makarantar injiniyoyi ce da masana kimiyya. Morris Halle, haifaffen ƙasar Latbiya, ya fara aiki a can a 1951 yana koyar da harsunan waje. A 1955 Noam Chomsky ya iske shi, yana ɗan shekara 26, aka sa shi cikin masu ƙoƙarin sa na'ura ta yi fassara.

Hankalin Chomsky ba ya kan na'ura. Abin da ya dame shi shi ne yadda yaro ke ƙera jimlolin da bai taɓa ji ba, kuma su fito daidai. Ra'ayinsa shi ne ana haihuwar ɗan Adam da tushen ƙa'idojin harshe a ƙwaƙwalwarsa, sauran kuma ya tsinta a bakin mutanen gida. Har gobe akwai masana da ba su yarda da shi ba, kuma suna da hujjoji masu ƙarfi.

A 1961 su biyun suka buɗe karatun digirin digirgir, ɗaliban farko suka kammala a 1965. Amma a ina? A wani ginin katako mai suna Gini na 20, wanda aka yi cikin gaggawa a 1943 don binciken na'urar hango jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da niyyar a rushe shi bayan yaƙi aka gina shi, sai ga shi ya haura shekara 50. Ni wannan ɓangaren ne ya fi burge ni.

A 1976 aka haɗe ilimin harshe da falsafa a sashe guda. Sun dace da juna, domin masana falsafa sun daɗe suna gardama kan ko da ilimi ake haihuwar mutum ko daga baya yake samunsa.

An rushe gidan katakon a 1998. Tun 2004 sashen yana wani katafaren gini mai karkatattun bangaye, wanda Frank Gehry ya zana.