AIKIN MANAJA A HARKAR WAƘA DA FIM DA WASAN KWAIKWAYO

A duk sa'ad da jama'a suka taru kallon wasa ko sauraron mawaƙi, hankalinsu yana kan wanda ya fito fili ne. Ba kasafai akan tuna da mutumin da ya kama ɗakin taron, ya nemi iznin hukuma, ya buga tikiti, ya ƙidaya kuɗin ƙofa, sa'an nan ya sallami kowa ba. Wannan mutum shi ake kira manaja. Aikinsa sana'a ce mai zaman kanta, ana kuwa koyonta kamar yadda ake koyon aikin akawu ko na lauya. An yi wannan bayani ne domin samari da 'yan mata masu sha'awar fasaha waɗanda Allah ya hore wa kan lissafi, da kuma iyayensu, su san cewa akwai abinci na halal a nan, su kuma san abin da aikin yake bukata.

Tun a shekarar 2014, sa'ad da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake auna arzikin Nijeriya, aka tarar harkar fim da ɗaukar waƙa ta haura kashi 1 cikin 100 na dukan abin da ƙasan nan take samarwa. A 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta keɓe wa fasaha da al'adu ma'aikata tasu. Dukiya mai yawa haka tana bukatar masu riƙo.

Asalin aikin

A ƙasar Hausa aikin ba baƙo ba ne. Makaɗin fada yana da ubangida mai ci da shi, yana da 'yan amshi, yana da sanƙira mai shelar kyautar da aka yi. In an tashi daga wasa, shugaban ƙungiya ne yake raba kuɗi da riguna bisa ga matsayin kowa. Wannan tsari ya yi aiki domin kuwa mai bayarwa da mai karɓa suna ganin juna ido da ido. Da faifai da kaset suka zo, waƙa ta fara tafiya garuruwan da mai ita bai taɓa takawa ba, ana sayar da ita shi kuwa yana gida. Daga nan ne aka fara bukatar wanda zai bi sawun kuɗin.

Marigayi Hubert Ogunde yana cikin na farko da suka gane haka a ƙasan nan. Ya yi aikin koyarwa, ya yi aikin ɗan sanda, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1940 ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo wadda take biyan 'yan wasanta albashi. Yakan tsara rangadi gari gari, har ƙasar Ghana ta yanzu, ya buga talla, ya sayar da faifan waƙoƙinsa, daga baya kuma ya shiga fim. Ya riƙe wannan kamfani har rasuwarsa a 1990. Haka nan Kenneth Nnebue, wanda ya shirya fim ɗin Living in Bondage a 1992, ɗan kasuwa ne mai sayar da kaset da kayan lantarki a Ikko. Sanin da ya yi wa hanyar da kaya suke bi daga shago zuwa gidajen mutane, shi ya taimaka wa fim ɗin ya bazu, kasuwar fim ɗin bidiyo ta Kudu ta kafu.

Darasi daga kasuwar fim ta Kano

Abin da ya faru a Kano ya cancanci a tsaya a kansa, don ya nuna inda rashin manaja yake kai mai fasaha. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, daga nan fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara kama kasuwa. Ciniki ya yi ƙarfi a wajajen Ƙofar Wambai da Bata. Tsarin da aka saba da shi a zamanin kaset shi ne, mai shirya fim ya buga kwali, watau murfin da ake sa kaset a ciki, ya kai wa dillalai tare da uwar kaset. Dillali ya sayi kwali, ya juya fim ɗin a kaset ɗin da ya saya da kuɗinsa, ya sayar. Ribar mai fim tana ga yawan kwalin da ya shige. In wani ya juya fim ya sayar ba tare da kwali na gaskiya ba, mai fim ba shi da hanyar sani, balle ya nemi haƙƙinsa. Waɗansu kuma, don ƙosawa da jiran kuɗi, sukan sayar da fim ɗin ɗungurungum da baki, ba takarda, ba shaida.

Sa'ad da satar fasaha da juya fim a wayar hannu suka karya kasuwar faifai a tsakiyar shekarun 2010, shaguna da dama suka rufe. Amma tsofaffin fina-finai ba su mutu ba. Tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, sun buɗe musu sabuwar kasuwa. Sai tambaya ta taso: fim ɗin da aka sayar da baki shekara goma da suka wuce, wa yake da ikon ba da shi a nuna yanzu? Wanda yake riƙe da takarda shi ya ci moriya sau biyu. Wanda ba ya da ita kuwa sai kallo.

Haƙƙin mallaka

Saboda haka ilmin farko da ya wajaba a kan manaja shi ne na haƙƙin mallaka. Dokar da take aiki yanzu ita ce ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta maye gurbin ta 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce take kula da ita. A ƙarƙashin wannan doka, haƙƙin wanda ya rubuta littafi ko ya tsara waƙa yana nan muddin ransa, da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa, watau gado ne ga 'ya'ya da jikoki. Na fim da na sautin da aka ɗauka kuwa shekara 50 ne daga lokacin da aka fitar wa jama'a. A lura fa, waƙa guda tana iya ɗaukar haƙƙi biyu: na wanda ya tsara ta, da na wanda ya ɗauki nauyin ɗaukar sautin. Yawancin rigingimun mawaƙa da masu situdiyo daga nan suke tasowa.

Har wa yau, doka ba ta amince da sayar da haƙƙi ba sai a rubuce, haka ma ba wa mutum ɗaya tak iznin amfani da shi. Manaja nagari yakan bambance sayarwa da ba da haya. In tashar talabijin ta nemi fim, sai ya tambaya: na shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, sau nawa za a nuna, an haɗa da intanet ko ba a haɗa ba? Kowace amsa tana da farashinta. Ba lalle ne ya zama lauya ba, amma tilas ya san lokacin da za a kira lauya, watau kafin a sa hannu.

Lissafi kafin kiɗa

Ilmi na biyu shi ne lissafi. Alal misali, a ce za a yi wasa a ɗaki mai kujera 500, tikiti naira 2,000. In ɗaki ya cika, an sami naira 1,000,000. To, in kuɗin ɗaki da na'urar sauti da janareto da masu tsaro da talla da sallamar 'yan wasa sun kai naira 600,000, ashe sai an sayar da tikiti 300 kafin a mai da uwar kuɗi. Manaja yakan fitar da wannan adadi tun kafin a buga takardar talla. In ya ga da wuya a sami mutum 300 a wannan gari a wannan rana, sai ya nemi kamfanin da zai ɗauki nauyi, ko ya koma ƙaramin ɗaki, ko ya gaya wa mai wasa gaskiya a ɗaga. Faɗin wannan gaskiya ga tauraron da jama'a suke yi wa tafi, shi ne mafi wuyar aikin.

Haka lissafin yake a intanet. YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka sa a dogayen bidiyo, amma darajar talla tana bin ƙasar da mai kallo yake zaune. Don haka yawan masu kallo kaɗai ba ya nuna abin da zai shigo. Masu shirya fina-finai masu dogon zango, irin su Izzar So da Labarina, da wannan kasuwa suke ma'amala, kuma dole wani ya zauna ya auna kuɗin kowane kashi da abin da ake sa ran zai dawo.

Shi kansa manaja, a al'adar kasuwar waƙa ta duniya, ladansa yakan kama daga kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da mai fasaha ya samu. Ya kamata a rubuta ko daga jimlar kuɗi za a cire, ko bayan an fid da abin da aka kashe. Kuɗin mai fasaha amana ne, kada a gama shi da na aljihu, a buɗe masa asusu dabam, a ajiye rasit.

Hanyar shiga

Ba ƙofa ɗaya ba ce. Jami'o'in Ibadan da Jos da Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna koyar da wasan kwaikwayo, akwai kuma Makarantar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979. Wanda ya karanta waɗannan sai ya ƙara da ilmin ajiye lissafi. Wanda ya fito ta ɓangaren kasuwanci ko shari'a kuwa, sai ya bi masu ɗaukar fim zuwa wurin aiki, ya riƙe jadawalin 'yan wasa, ya biya kuɗin abinci da mota, har ya gane dalilin da jinkirin yini ɗaya yake cinye kasafi. Lalle ya kasance yana son fasahar kanta, don wanda ba ya iya bambance waƙa mai kyau da marar kyau ba zai san abin da yake sayarwa ba.

In ya tashi kafa nasa, sai ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, da takardar rajistar ne kuwa banki yake buɗe asusun kasuwanci. Fim ɗin da za a fitar wa jama'a sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993. Mai aiki a Jihar Kano kuma ya sani jihar tana da tata hukumar tacewa tun 2001, sai ya sa kuɗin tacewa da kwanakin jira a cikin kasafinsa tun daga farko.