Ba a fafe gora ranar tafiya

Dakoro gari ne da ke arewa da Maraɗi, kusa da kwarin Tarka, inda gonakin hatsi suke ƙarewa, makiyaya ta fara. Hausawa da Fulani da Buzaye ne suke zaune a ƙasar. Kowace shekara, in watan Oktoba ya kama, yara suna barin Kornaka da Birnin Lalle da ƙauyuka da rugage, suna shiga kwalej ko lise. Da yawa daga cikinsu suna fatar zuwa jami'a. Wani yana so ya zama likita, wata tana so ta zama malamar gona, wani kuma yana so ya san maganin cutar dabbobi. Amma ba a shiga jami'a da fata kaɗai. Ana shirya shigarta shekara da shekaru.

Matakan karatu

Karatun boko a Nijar kamar tsani yake. Matakin farko shi ne firamare, shekara 6. Na biyu shi ne kwalej, shekara 4. A ƙarshen kwalej ana yin jarrabawar birbe, wadda ake rubutawa BEPC. Mataki na uku shi ne lise, shekara 3. Ajin farko na lise sunansa sagon, na biyu piramiyar, na uku tarminal. A ƙarshen tarminal ana yin babbar jarrabawa mai suna bakalorea, wadda ƴan makaranta suke ce wa bak. Takardar bak ita ce mabuɗin ƙofar jami'a.

In an haɗa 6 da 4 da 3, an sami shekara 13. Yaron da ya shiga firamare yana da shekara 7, in bai sake aji ba, zai yi bak yana da shekara 20. Kowane mataki yana tsaye bisa na ƙarƙashinsa. Wanda bai iya rabawa ba a firamare zai sha wuyar lissafi a kwalej. Wanda ya bar kwalej da rauni zai ja rauninsa har tarminal.

Jami'o'in ƙasa

A da, ɗan Nijar da ya sami bak sai ya fita waje neman ilimi, ya tafi Dakar ko Abijan ko Faransa. A shekarar 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai. A 1973 ta zama jami'a. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, wani babban masanin kimiyya da aka haifa a Tasawa, cikin jihar Maraɗi, a 1929. Ya yi bincike a kan amfani da ƙarfin rana, ya shugabanci jami'ar, ya rasu a 1991.

A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara huɗu, a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Akwai kuma jami'ar Musulunci a Sayi, da babbar makarantar ma'adinai da masana'antu a Yamai, mai suna EMIG.

Jami'ar jihar Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan Maraɗi, masanin kimiyyar sinadarai, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar ilimi. A cikinta ana koyon aikin likita, da ilimin noma da muhalli, da kimiyya, da fasahar gine-gine da lantarki da injuna. A Tawa ana koyon shari'a da tattalin arziki. Kowace jami'a da abin da ta fi ƙarfi a kai. Don haka ɗalibi mai dabara yakan tambaya tun da wuri: ina ake koyar da abin da nake so, kuma wane irin bak ake nema?

Zaɓen fanni

Bak ba iri ɗaya ba ne. Akwai fannin A, na harsuna da adabi da falsafa da tarihi. Akwai fannin C, na lissafi da kimiyyar fizik. Akwai fannin D, na lissafi da ilimin halittu da na ƙasa. Akwai kuma fannonin fasaha da na kasuwanci, irin waɗanda ake koyarwa a lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi.

Hanya tana rabuwa tun daga sagon. Mai son aikin likita, ko likitan dabbobi, ko injiniya, ko malamin gona, hanyar kimiyya zai bi, wato C ko D. Mai son aikin alƙali, ko lauya, ko ɗan jarida, ko malamin harshe, fannin A ya dace da shi. Malamai suna duba makin da yaro ya samu a kwalej kafin a tura shi wani fanni. Ke nan zaɓen yana farawa tun kafin birbe. Yaron da ya yi wasa da lissafi a kwalej ya rufe wa kansa ƙofar asibiti bai sani ba.

Wasu suna zaɓen fanni don abokinsu ya zaɓe shi. Wasu suna gudun C don an ce da wuya. Abin da ya kamata shi ne ɗalibi ya dubi abin da ya iya da abin da yake so, ya yi shawara da malamansa da iyayensa, da kuma yayyensa da suka riga shi zuwa jami'a. Matambayi ba ya ɓata.

Yadda ake lissafin maki

A kwalej da lise ana ba da maki bisa 20. Wanda ya sami 10 ya kai rabi. Amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba. Kowane darasi yana da lambar da ake ninka makinsa da ita. Ana kiran lambar kofisiyan, wato nauyin darasi.

Ga misali. A ce nauyin lissafi 5 ne, na tarihi 2. Wani yaro ya sami 8 a lissafi, 16 a tarihi. Wata yarinya ta sami 14 a lissafi, 8 a tarihi. In an duba sama-sama, yaron ya fi ta, don shi yana da 24, ita tana da 22. Amma in an ninka, yaron yana da 40 da 32, wato 72. Yarinyar tana da 70 da 16, wato 86. In an raba da 7, shi ya wuce 10 da kaɗan, ita ta wuce 12. Ashe yarinyar ce gaba. Saboda haka tun ranar da aka koma makaranta ya kamata ɗalibi ya san darussa masu nauyi a fanninsa, ya ba su lokaci mai yawa, ba tare da ya yar da sauran ba.

A bak, wanda ya sami 10 ya ci. Daga 12 ana samun yabo, daga 14 yabon ya fi girma, daga 16 shi ne mafi girma. Wanda ya kusa kaiwa rabi ana ba shi dama ta biyu, a zagaye na biyu. Yabon yana da amfani, don wasu makarantu ba su ɗaukar kowa, sai sun zaɓa ko sun yi gasar shiga. Makin kowace shekara kuma yana rubuce cikin littafin ɗalibi, yana bin shi har ƙarshen lise.

Harshe biyu, ƙafa biyu

Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram a 1973, da Hausa. Tun a 1964 Abdu Mumuni ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka, ya nuna amfanin koyar da yaro da harshen uwarsa. A 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Yaron da ya fara karatu da Hausa yana gane abin da ake koya masa, ba haddar baki kaɗai yake yi ba. Amma littattafan lise da na jami'a yawancinsu da Faransanci aka rubuta su. Dole ya ƙarfafa harsunan duka biyu. Dabara mai kyau ita ce ya karanta shafi ɗaya ko biyu kowace rana, ya rubuta sababbin kalmomi cikin ƙaramin kaye, sa'an nan ya bayyana darasin da Hausa ga ƙanensa. In ƙanen ya gane, to, shi ma ya gane.

Takardu

Akwai abin da ke tare ɗalibi a bakin ƙofa ko da ya fi kowa ƙoƙari, shi ne rashin takardar haihuwa. Yara da yawa an haife su a ƙauye ko a ruga, nesa da gidan likita, ba a rubuta haihuwarsu ba. Irin wannan yaro sai an je gaban alƙali da shaidu, a yi masa takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Ba aikin kwana ɗaya ba ne. Ana kuma neman takardar zama ɗan ƙasa da hotuna.

Suna ma abin lura ne. In an rubuta shi wani iri a takardar haihuwa, wani iri a takardar birbe, gyaran yana ɗaukar lokaci. Uba mai hangen nesa yakan duba takardun ɗansa tun yana kwalej, ya sa su cikin leda, ya ajiye a akwati, inda gara da ruwan sama ba su kaiwa.

Masauki da lokaci

Ɗalibin ƙauye yakan zauna gidan dangi ko gidan abokin babansa a cikin gari. Yana ɗebo ruwa, yana zuwa aike, yana girmama masu gida. In iyaye suna aiko da hatsi da ɗan abin cefane, suna kuma leƙowa, zaman yana daɗi. Ɗiya mace ta fi shan wuya, don daka da wanki da girki suna cinye mata lokaci, wani sa'in kuma a cire ta a yi mata aure. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare ɗiya mace mai karatu. Amma babban mai kare ta shi ne gidansu.

Lokacin karatu ma yana da tsari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu akwai sanyi, kai yana ɗaukar karatu. A Afrilu da Mayu zafin bazara yana hana barci. Wanda ya bar bitarsa har bazara ya makara. Ɗalibai uku ko huɗu sukan haɗu, su sami allo da alli da fitila, su riƙa warware tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Da damina, bayan an taso daga gona, sa'a ɗaya ta isa a buɗe kaye don kada karatu ya zube. Da yayyafi kogi kan cika.

Bayan bak

Ana yin bak a farkon damina, bayan an rufe azuzuwa. Wanda ya ci sai ya haɗa takardunsa, ya nemi wuri a jami'a. Akwai ma'aikatar da ke kula da tallafin kuɗin karatu, mai suna ANAB. Tana da sharuɗɗa, ba kowa ke samu ba, don haka iyali sukan tanadi ɗan tunkiya ko buhun wake saboda kuɗin mota da na rajista. A jami'a, digiri na farko shekara 3 ne, na biyu shekara 2, na dakta kuma shekara 3. Karatun likita ya fi digirin farko tsawo ƙwarai.

Wanda bai ci ba yana iya sake aji, ya gwada baɗi. Akwai kuma makarantun koyon sana'a da na aikin jinya. Ƙasar Dakoro tana bukatar likitocin mutane da na dabbobi, da masu gina rijiyoyi, da malamai. Yaran da za su riƙe waɗannan ayyuka suna zaune yau a kan bencin firamare.

Tambayoyi

1. Shekara nawa ake yi daga shiga firamare zuwa bak?
2. Wane ne Abdu Mumuni? A ina aka haife shi?
3. Wane fanni mai son aikin likitan dabbobi zai bi?
4. Nauyin darasi 4 ne, ɗalibi ya sami 13. Maki nawa ke gare shi?
5. Don me ake neman takardar haihuwa tun da wuri?
6. Mene ne ma'anar karin maganar da ke kan wannan darasi?