Babur Irin na Zakarun Tsere ko Na Kwaskwarima? Abubuwa 13 Masu Ban Mamaki

Duk mai sha'awar manyan babura masu gudu, wata rana sai ya tsinci kansa a wannan mararraba: ya tara kuɗi ya sayi wanda kamfani ya ƙera da kamannin na zakaran tsere, ko kuwa ya sayi na gama-gari ya riƙa kai wa bakanike ana sauya masa kaya ɗaya bayan ɗaya? Kowane ɓangare yana da magoya baya, kuma kowanne yana da tarihi mai cike da abin al'ajabi. Ga kaɗan daga ciki, kafin ka ciro kuɗinka.

1. Wani kwafin fenti ne kawai
Daga 1995 zuwa 2024, kamfanin mai na Repsol da ke Sifaniya ne ke ɗaukar nauyin ƙungiyar tseren Honda. Da launinsa na ruwan lemo da ja da fari Mick Doohan da Valentino Rossi da Marc Márquez suka ci kambun duniya. A 2005 Honda ta fitar da CBR1000RR mai wannan launi, amma inji da birki duk irin na gama-gari ne. Har ƙaramin CBR125R an yi masa wannan ado. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

2. Wani kuwa doka ce ta haife shi
Gasar Superbike ta duniya, wadda aka fara a 1988, ta sharɗanta cewa sai da irin babur ɗin da ake sayar wa jama'a za a shiga tsere. Sai kamfanoni suka koma ƙera na tsere na gaske, su maƙala masa fitila da madubi, su kai kanti. Haka aka sami Honda RC30 a 1987, mai sandunan fistin na ƙarfen titaniyam. Guda 1,000 aka ware wa Japan, masu nema suka yi yawa har sai da aka jefa ƙuri'a. Fred Merkel ya ci kambun 1988 da na 1989 a kansa.

3. Farashin da aka auna da ƙa'ida
Don kada masu hannu da shuni su mamaye gasar, an kafa iyaka: a 2019, babur ɗin da za a yi tsere da shi ba a yarda kuɗinsa a kanti ya wuce yuro 40,000 ba. Da Ducati ta fitar da Panigale V4 R na 2019, sai ta sa masa yuro 39,900.

4. Mai tsadar da aka ɗaure wa ƙafa
A 2015 Honda ta fito da RC213V-S, ɗan'uwan babur ɗin Márquez na gasar MotoGP. Dala 184,000 ne kuɗinsa a Amurka, amma ƙarfin doki 101 kacal aka bar masa a can. A Turai 159, a Japan kuwa 70, saboda dokokin ƙara da hayaƙi na kowace ƙasa. CBR1000RR na gama-gari, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba, ya fi na Amurkan ƙarfi. Sai an sayi ƙarin kaya na musamman, waɗanda a filin tsere kaɗai aka yarda a yi amfani da su, sannan ƙarfin RC213V-S ya kai 215. Abin da mai saye ke biya shi ne aikin hannu da rashin nauyi: kilo 170 ne idan babu mai a ciki.

5. Rabin inji yana barci
Yamaha R7 na 1999 guda 500 ne kawai a duniya. Kowace silinda tana da bututun fesa mai guda biyu, amma ɗaya ne ke aiki idan aka fito da shi daga kanti, ƙarfin dokinsa kuma 106. Sai an haɗa masa kayan tsere sannan na biyun ya farka. Ashe ko mai babur na musamman bai tsira daga hannun bakanike ba.

6. Nasara ɗaya, babura dubbai
Mike Hailwood ɗan Ingila ya yi shekara 11 bai shiga tseren tsibirin Man ba. Ya dawo a 1978 yana da shekara 38, ya hau Ducati, ya yi na ɗaya. Shekara na zagayowa kamfanin ya fitar da kwafi mai ɗauke da sunansa, aka sayar da kusan 7,000, cinikin da ya tallafi Ducati a lokacin da take cikin matsi. Ranar 1 ga Janairun 2000 aka sa wani sabon samfurin tunawa da shi, MH900e, a kasuwa ta intanet. Cikin minti 31 an yi rajistar sayen guda 1,000 na farko.

7. Sunan direban mota a jikin babur
Ayrton Senna ɗan Brazil gwarzon tseren motoci ne, ba na babura ba. Amma yana son Ducati, kuma abokin mai kamfanin ne a lokacin, Claudio Castiglioni. Bayan rasuwarsa a filin Imola a 1994, aka fitar da Ducati 916 Senna guda 300 a 1995. Masu tara tsofaffin babura har yau neman su suke yi ruwa a jallo.

8. Babur ɗin da babu kamfanin da ya ƙera
Mu koma ɓangaren masu kwaskwarima. A shekarun 1950 da 1960, samarin da ke taruwa a shagon shayi na Ace da ke Landan sun lura cewa injin Triumph ya fi sauƙin ƙara wa ƙarfi, firam ɗin Norton kuwa ya fi riƙe hanya a kwana. Sai suka riƙa ɗora wannan a kan wancan, suka kira shi Triton, burinsu su kai kilomita 160 a awa. Abin bai tsaya a bakin titi ba: Dave Degens ya ci tseren awa 24 na Barcelona da Triton a 1965, ya sake ci a 1970.

9. Tsoho da tsohon babur
Burt Munro na ƙasar Niyu Zilan ya sayi Indian Scout samfurin 1920, wanda gudunsa bai kai kilomita 90 a awa ba. Ya shafe shekaru fiye da 40 yana gyara shi a rumfarsa, har fistin da kansa yake narka ƙarfe ya zuba. A 1967, yana da shekara 68, ya kai shi filin gishiri na Bonneville a Amurka ya kafa tarihin gudun kusan kilomita 296 a awa. Labarinsa ne aka mayar fim a 2005, Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa.

10. Faɗuwar da ta haifi gwani
Massimo Tamburini sana'ar na'urorin ɗumama gida da sanyaya iska yake yi a garin Rimini na Italiya. A 1972 ya faɗi da Honda CB750 a filin Misano, ya karya haƙarƙari. Ya ga cewa injin ya fi ƙarfin firam ɗin, sai ya ƙera wani da hannunsa. Daga nan kamfaninsa na Bimota ya shiga harkar babura. Shi ne kuma daga baya ya zana Ducati 916 da MV Agusta F4, waɗanda masu kuɗi ke rububin samfuransu na musamman.

11. Rashin kuɗi ya zama yayi
A ƙarshen shekarun 1980, samarin Birtaniya da suka faɗi da baburan gudu sukan tarar kuɗin sabbin robobin jiki ya fi ƙarfin aljihunsu. Sai su cire su gaba ɗaya, su sa dogon kai da fitilu biyu, su ci gaba da hawa. Salon ya karɓu har kamfanoni suka bi sahu: Triumph ta fito da Speed Triple a 1994, Ducati ta fito da Streetfighter a 2009. A nan kamfani ne ya kwaikwayi talaka.

12. Salansa mai ƙara tana jawo magana
Abin da yawancin masu kwaskwarima ke fara sauyawa shi ne salansa, alhali ita kaɗai ba ta ƙara wani ƙarfin kirki idan ba a daidaita yadda injin ke shan mai ba. Tun 2020 yankin Tirol na Ostiriya ya hana baburan da ƙararsu a tsaye ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyin tsauni, dokar da ta shafi har waɗansu da ba a taɓa musu komai ba. A Jamus, sauyin da ba shi da takardar amincewa yana iya soke izinin hawa babur ɗin. A Birtaniya, wanda ya ɓoye wa kamfanin inshora gyaran da ya yi, ana iya hana shi diyya ranar da tsautsayi ya auku.

13. Ƙarfi yana da farashin da ba na kuɗi ba
A 2011 Bill Warner ya ɗora wa Suzuki Hayabusa turbo, ya kai kilomita 502 a awa a tsohon filin jiragen soja na Loring a jihar Maine ta Amurka. A 2013, a wannan fili dai, babur ya ƙwace masa, ya rasu. Ƙwararre ne, a filin da aka killace, da cikakkun kayan kariya. Ina ga wanda ke gwada irin wannan a titin da ke da ramuka da masu tafiya a ƙasa?

To, wanne za a zaɓa?
A kasuwa, na musamman da aka bari yadda ya fito daga kamfani ya fi riƙe darajarsa, musamman mai ɗauke da lambar adadin da aka ƙera. Kuɗin da aka zuba a kwaskwarima kuwa da wuya ya dawo ranar sayarwa, shi ya sa masu wayo ke adana kayan asali da suka cire. Mai sayen babur ɗin da aka shigo da shi na hannu ya sani cewa robobi da sitika masu launin tsere ana samun su da araha; ya duba lambar firam da takardu kafin ya biya kuɗin suna.

Idan tarihi kake so da kadarar da za ka ajiye, nemi na musamman na gaske. Idan hawa kake so, sayi na gama-gari mai lafiya, ka fara kashe kuɗinka a kan taya mai kyau, birki, shokazoba da aka daidaita da nauyinka, hular kwano ta ƙwarai, da horo a hannun wanda ya iya. Bayan waɗannan sun kammala, sai a yi maganar inji da fenti.