3.4 Matsalar Haɗa Na'urorin Kamfanoni Daban-daban Wajen Tattara Zanguna

Kamar yadda bayani ya gabata a 3.3, kamfanin sadarwa ba ya samun zangon igiyar rediyo a dunƙule. Gwamnati kan sayar masa da shi gutsure-gutsure, wani a ƙasa, wani a can sama. A ƙa'idar LTE ta farko, wadda ƙungiyar 3GPP ta fitar a 2008, faɗin zango ɗaya ba ya wuce megahaz 20. Wannan ya sa a 2011 aka shigo da dabarar tattara zanguna, inda waya ɗaya za ta iya amfani da zanguna har biyar a lokaci guda, wato megahaz 100 ke nan. Kamfanin SK Telecom na Koriya ta Kudu ne ya fara sayar wa jama'a wannan hidima a 2013.

Abin da wannan sashe zai duba shi ne dalilin da ya sa dabarar take wuya idan na'urorin tasha ba na kamfani ɗaya ba ne.

Tashar salula ta kasu kashi biyu. Akwai akwatin rediyo wanda ake ɗaurawa kusa da eriya a saman turke, akwai kuma na'urar sarrafawa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar tashar. A cikin wannan ƙwaƙwalwa ne ake da manhajar da ke raba wa wayoyi lokaci da zango. A LTE tana yin wannan rabo sau dubu a kowane sakan. Idan ta aika saƙo ga waya, bayan milisakan 4 wayar za ta amsa ko ya iso lafiya ko a sake aikowa. To, tattara zanguna na buƙatar mai rabo guda ɗaya wanda ke ganin dukkan zangunan, yana yanke shawara a kansu cikin wannan ɗan ƙanƙanin lokaci. Idan zango ɗaya yana hannun ƙwaƙwalwar Ericsson, ɗayan kuma yana hannun ta Huawei, babu wata hanyar da 3GPP ta tsara da za su riƙa shawara da irin wannan sauri. Hanyar X2 da ke haɗa tasha da tasha an gina ta ne tun asali domin miƙa waya daga wannan tasha zuwa waccan.

Saboda haka aka ɓullo da wata hanya a 2015, wadda za a iya kira haɗi biyu. A nan kowace tasha tana riƙe da mai rabonta, sai dai a raba bayanan tun daga sama kafin su sauko. Wannan ya fi jure jinkiri, kuma a kansa aka ɗora 5G ta farko a 2018, inda tashar 4G ke zama madogara. Amma ko a nan, kamfanoni sun saba ƙara nasu sirrin a kan X2, ta yadda yawancin masu sadarwa suka ga ya fi musu sauƙi su sayi 5G a wurin wanda ya sayar musu da 4G. Ingila ta ɗanɗana kuɗar wannan. A Yulin 2020 gwamnatinta ta ba da umarnin cire kayan Huawei daga 5G kafin ƙarshen 2027, sai aikin ya shafi tashoshin 4G masu yawa waɗanda umarnin bai ambata ba. Kamfanin BT ya ƙiyasta cewa takunkumin zai ci masa kusan fam miliyan 500.

Haka abin yake tsakanin ƙwaƙwalwa da akwatin rediyo. Ƙa'idar CPRI, wadda Ericsson da Huawei da NEC da Nortel da Siemens suka kafa a 2003, ta bar wa kowane kamfani gurbin da zai cike da nasa tsarin. Sunan ƙa'ida ɗaya ne, amma akwatin wannan ba ya jin maganar ƙwaƙwalwar wancan. Da wuya a ce masu ƙerawa sun damu da haka, tun da shi ne ke riƙe musu abokin ciniki.

Masu sayen kayan ne suka tashi neman gyara. A 2018 AT&T da China Mobile da Deutsche Telekom da NTT DOCOMO da Orange suka kafa ƙawancen O-RAN, wanda ya fayyace wannan mahaɗa dalla-dalla. A Satumban 2020 DOCOMO da Fujitsu da NEC suka sanar a Japan cewa sun tattara zangon gigahaz 3.7 da na 4.5 a kan na'urorin kamfanoni mabambanta, har saurin saukar bayanai ya kai gigabit 4.2 a sakan idan aka haɗa da LTE.

Sai dai ya kamata a lura da abin da wannan gwaji ya warware da wanda bai warware ba. Akwatunan rediyo ne suka bambanta, mai rabon zangunan 5G ɗin kuwa yana nan a ƙwaƙwalwa ɗaya. Bugu da ƙari, dole agogon kowane akwati ya yi daidai da na sauran, domin 3GPP ta iyakance saɓanin lokaci tsakanin zanguna zuwa 'yan miliyoyin kashi na sakan. Idan kuma sauri ya ragu, nauyin gano mai laifi tsakanin kamfanonin biyu yana komawa kan mai sadarwar ne, wanda dole ya tanadi injiniyoyi da ɗakin gwaji nasa na kansa.