Ko Ka San Rauta Ma Tana Jin Zafin Bazara?

Ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke raba Wi-Fi a gida, wato rauta, cikakkiyar kwamfuta ce. Tana da ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da rediyo mai aikawa da karɓa a zangon 2.4 ko 5 GHz. Fanka ce kawai yawancinsu ba su da ita. Wutar da take ci kaɗan ce, wat 5 zuwa 15, amma kusan dukkanta zafi take komawa, kuma ba shi da mafita sai 'yan hujojin da ke jikin robar.

Ka duba takardar cikin kwalin rautar. Kamfanoni da dama, har da TP-Link, sukan rubuta cewa an ƙera na'urar don ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 40 a ma'aunin Salsiyas. To, a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura 40 a inuwa, balle ɗakin kwano da tsakar rana. Ke nan tun ba a kunna ta ba ta riga ta kai iyakarta. Idan ta ɗau zafi, wata kan rage gudu don kare kanta, wata ta mutu ta sake tashi. Mai gida kuwa sai ya ce sabis ne babu, alhali wani lokacin laifin na cikin ɗakinsa.

Ɓarnar da ta fi damuna ita ce wadda ba a gani. Cikin rauta da adaftarta akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasita, masu daidaita wuta. Akwai ruwan sinadari a cikinsu, zafi kuma busar da shi yake yi a hankali. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana cinye rabin rayuwar irin wannan kafasita. Shi ya sa rautar da ta yi lafiya bara za ta fara yankewa bana da zarar mutane sun yi mata yawa. Sau da dama ma adaftar ce ta gaji. A samo wata mai daidai ƙarfin wutar da aka rubuta, sai aiki ya dawo.

Mu ma muna ƙara mata wahala da kyakkyawar niyya. A lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, a kulle ta a kabad saboda yara, ko a ɗora ta kan dikoda mai zafi. Wurinta sarari ne, a sama, nesa da taga mai rana, ana kaɗe ƙurar hujojinta lokaci-lokaci.

MiFi, wato ƙaramar rautar aljihu, kuwa batir gare ta. Barin ta a caji dare da rana cikin zafi na iya kumbura shi. Da ka ga murfin bayanta ya ɗago, cire ta daga wuta ka canza batirin, don kumburarren batir yana iya kamawa da wuta.