Barin Gida Ba Ya Sauke Bashin Gida

A unguwannin da ke kewaye da Tina Junction a Jos, irin su Angwan Rukuba da Dutse Uku, albashin mutum ɗaya ba kasafai yake tsayar da gida ba. Shi ya sa miji da mata, ko wa da ƙane, kan haɗa ƙarfi su ci bashi a banki, su jinginar da takardar filin. Kwanci tashi sai aure ya mutu, ko a yi wa ɗaya canjin wurin aiki, ko ya ƙaura kamar yadda iyalai da dama suka sauya unguwa bayan rikicin 2008 da na 2010. Wanda ya tafi yakan ce, "Na bar masa gidan, ni babu ruwana." Amma a littafin banki sunansa yana nan daram.

Takardu iri biyu ne a wannan harka. Akwai ta mallaka, wato C of O, akwai kuma yarjejeniyar bashi. Ita ta biyun yawanci tana ɗora wa kowanne daga cikin masu sa hannu nauyin kuɗin gaba ɗaya, babu maganar rabi da rabi. Idan wanda ke zaune a gidan ya daina biya, banki na da ikon bin wanda ya tafi. Tun 2020 ma Babban Bankin Najeriya ya kawo tsarin da ke ba banki damar cire kuɗi daga sauran asusun da ke haɗe da BVN ɗin mai bashi, muddin ya sa hannu a kan wannan izini. Sunansa kuma zai shiga rajistar masu taurin bashi a kamfanoni irin su CRC, gobe ya nemi lamunin jari a hana shi. Takardar saki, ko sulhun dattawa, ko rantsuwa a kotu, duk ba sa ɗaure banki, domin ba da shi aka yi su ba.

Hanyoyin fita uku ne. Ta farko a sayar da gidan da yardar banki, a biya shi, a raba abin da ya saura. Ta biyu wanda zai zauna ya karɓi sabon bashi da sunansa kaɗai, ya biya tsohon. Ta uku banki ya yarda ya sallami ɗaya a rubuce, ya bar nauyin a kan ɗayan ko a kan wani da zai maye gurbi. A biyun ƙarshe banki zai sake duba albashin mai zama, ya ga ko zai ɗauki biyan shi kaɗai. Nan ake yawan cijewa.

Wanda bashinsa na Asusun Gidaje na Ƙasa ne, wanda dokar 1992 ta kafa, ya yi lissafi sosai kafin ya zaɓi hanya ta biyu. Ruwan wannan bashi kashi 6 cikin ɗari ne, ana iya biya har shekara 30, alhali na bankunan kasuwanci ya zarce haka nesa ba kusa ba. Gara a fara neman sallama ta hannun bankin gidajen da ya bayar da kuɗin.

Sai batun fili. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana sayarwa ko jinginarwa ko miƙa haƙƙin mallaka ba da amincewar gwamna ba. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jingina saboda rashin wannan amincewa. Don haka miƙa kason gida a Jos sai ya bi ta ma'aikatar filaye ta Jihar Filato, a biya kuɗin hatimi da na rajista.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne gaggawar sa hannu a miƙa kaso tun banki bai sallame su ba. Mai yin haka ya rasa gida, bashi kuma yana wuyansa. Ka nemi lauya naka na kanka, ka karɓi bayanin ragowar bashin a rubuce, kuma kada ka saki kasonka sai takardar sallama ta banki ta zo hannunka.