"Earn your stripes": igiyar da ake cewa matashi ya nema kafin ya tsaya takara

Duk matashin da ya taɓa bayyana niyyar tsayawa takara a Sakkwato ya san amsar da manya ke tarbarsa da ita. Masu Hausa su ce ya yi haƙuri lokacinsa na zuwa, masu Turanci kuma su ce sai ya fara "earn your stripes" tukuna.

Asalin karin maganar daga bariki take. "Stripes" su ne igiyoyin da ake ɗinka wa soja a hannun riga: las kofur igiya ɗaya, kofur biyu, saje uku. Wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar Barikin Giginya ya gan su. (Ba igiyar aure ba, ko da yake ita ma uku ce.) "Earn" kuwa samu ne ta hanyar gumi. Ma'anar dai ita ce mutum ya nuna cancantarsa da aiki kafin a ba shi matsayi. Idan Bature ya ce wane "has earned his stripes", yabo ne, wato ya sha wuya ya ci jarrabawa. Idan kuwa aka juya ta zuwa umarni ga na ƙasa, ta zama jan kunne.

A nan ne ya kamata mai sauraro ya tsaya. A soja, sharuɗɗan ƙarin igiya a rubuce suke: shekarun aiki, kwas, jarrabawa. Kurtu ya san abin da ake nema daga gare shi. A jam'iyya fa, wa ke ɗinka igiyar, kuma da wane ma'auni? Sau da yawa abin da ake nufi shi ne shekaru na liƙa fasta da rakiyar ubangida zuwa filin jirgi.

Tarihin garin nan ma bai goyi bayan dogon jira ba. Muhammadu Bello bai cika shekara 30 ba lokacin da ya jagoranci cin Alƙalawa a 1808, ya kuma kafa Sakkwato a 1809. Ahmadu Bello ya zama hakimin Rabah a 1934 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Shehu Shagari, malamin makaranta, ya shiga Majalisar Wakilai a 1954 yana da shekara 29. An ɗora musu nauyin ne tukuna, a cikinsa suka nuna ko su wane ne.

A ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya rage shekarun takarar Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Sai dai a zaɓen 2023, APC ta sa wa fam ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, na gwamna miliyan 50, da rangwamen rabi ga 'yan ƙasa da shekara 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ko da rangwamen, miliyan ɗaya albashin kusan shekara uku ne na ƙaramin ma'aikaci, ba ci ba sha, kuma bai ga wakilan zaɓen fidda gwani ba tukuna.